Injin wankin kafireto mai lita 6, bayan na gwada shi a kan tsohuwar Honda CB350

Duk wanda yake da tsohon babur da ya daɗe a jingine, kuma yake son ya tayar da shi da hannunsa a gida, injin wanki na altarasonik, mai wanke kaya da girgiza a cikin ruwa, ya cancanci ya shiga cikin kayan aikinsa. Amma ya saya da sanin cewa injin ba zai yi masa ko rabin aikin ba. Yana yin wani ɗan yanki ne kawai, wato yankin da hannu da waya da burushi ba sa iya kaiwa, kuma a wannan yankin ban ga abin da ya kama ƙafarsa ba.

Wanda na saya ba shi da wani suna da za a riƙe. Irinsa ne ake sayarwa da sunaye barkatai, akwati ɗaya, maɓallai ɗaya, tambari kawai ake canzawa. Kwano ne na ƙarfe marar tsatsa, tsawonsa kamar santimita 30, faɗi 15, zurfi 15. An rubuta lita 6 a jikinsa, amma in ka tsaya a layin da aka zana a ciki, abin da yake ɗauka bai wuce lita 5 ba. A ƙarƙashin kwanon an manna wasu ƙananan na'urori uku da suke girgiza shi sau 40,000 a daƙiƙa guda. Yana da abin ɗumama ruwa, da agogon da yake kashe shi da kansa, da kwandon waya, da murfi, da ɗan famfo a gefe na zubar da ruwa.

Babur ɗin da na sayi injin dominsa Honda CB350 ce ta 1972, mai silinda biyu. Honda ta yi wannan samfurin daga 1968 zuwa 1973, kuma duk da 350 da ke jikin sunan, girman injinta 325cc ne. Kafireto biyu take da su, na Keihin, irin masu faifan roba a sama wanda iskar da injin babur ke zuƙa take ɗagawa. Lokacin da na kwance kofin ƙasa na kafireton hagu, warin tsohon fenti ne ya fara bugun hancina. Ƙasan kofin ya yi wani danƙo ruwan ƙasa mai sheƙi, wanda farce ba ya kankarewa. Jet ɗin tagulla, wato ƙananan bututun da ke auna man da ke wucewa, sun yi kore. A kusurwar da ruwa ya kwanta kuma akwai farin gari, alamar ƙarfen ya fara cin kansa. Haka fetur yake yi idan aka bar shi: sassansa masu sauƙi su bi iska, ragowar ta haɗu da iskar ta daskare. In fetur ɗin mai gaurayen etanol ne, sai ya ƙara da jawo danshi.

Abin da ido ke gani a kofi ba shi ne matsalar ba. Matsalar tana cikin jikin kafireton. Akwai siraran hanyoyi da aka huda tun a masana'anta, suna shiga su yi kwana su fito a wani wuri, sannan aka toshe bakin hudar da ƙaramar tagulla. Ta nan man silo yake bi, wato man da babur ke sha idan yana kunne ba a murɗa totur ba. Ramin jet ɗin silo kansa bai kai rabin milimita ba. Idan waɗannan hanyoyi suka toshe, babur zai tashi da cok, kana sake cok ya mutu, ko ya riƙa tafiya da silinda ɗaya har sai ka murɗa totur sosai. Ka taɓa salansa biyun bayan minti ɗaya, ɗaya da zafi, ɗaya da sanyi. Nawa haka yake yi, ko bayan na fesa maganin wankin kafireto na gwangwani ta kowace kafa da na gani.

Yayana, wanda ya riga ni fara taɓa babura, bai ga dalilin sayen injin ba. Ya ce, “Kai dai kana son kayan wuta. Fetur da siririyar waya sun ishi kowane kafireto.” Na ce, “Yaya, wayar tana yin kwana a cikin ƙarfe?” Ban da haka ma, waya tana faɗaɗa ramin jet. Tagulla tana da laushi, in ka soka mata wayar ƙarfe ka juya, ramin da aka auna da kyau ya lalace ke nan, kuma babur zai riƙa shan mai fiye da kima har ranar da aka canza jet ɗin.

Yadda injin wankin yake aiki ba shi da wuyar fahimta. Girgizar nan mai sauri tana sa ƙananan kumfa su ɓullo a cikin ruwan, su fashe nan take. Kowace fashewa tana bugun jikin abin da ke kusa da ita da ɗan ƙarfi, miliyoyinsu kuma suna ɓamɓare datti. Duk inda ruwa ya shiga, kumfar za ta yi aiki a wurin. Wannan ne ya sa yake kaiwa cikin hanyoyin da suka yi kwana. Wannan ne kuma iyakarsa, domin inda iska ta maƙale ruwa bai shiga ba, babu abin da zai wanku. Shi ya sa nake nutsa kafireto ina jujjuya shi a cikin ruwan har sai kumfar iska ta daina fitowa daga ramukan, sannan in kunna.

Kafin a kai nan, akwai aikin kwancewa, kuma shi ne ya fi cin lokaci. Sukurorin baburan Japan na wancan zamani ba Phillips ba ne, ko da yake sun yi kama. Na ma'aunin Japan ne da ake kira JIS, kuma sukundireban Phillips yana zamewa ya cinye kansu. A nemi sukundireban JIS tun kafin a taɓa murfin sama. Faifan robar na cire shi na ajiye gefe, bai ga ruwan zafi ba, don roba mai shekara hamsin ba abin wasa ba ce. Na ɗaga shi a gaban fitila na miƙa shi a hankali ina neman huda. Fulot ɗin tagulla, masu yawo a kan mai a cikin kofi, su ma ban saka su a injin ba. Da dalma aka haɗa su, kuma girgiza tana iya buɗe tsohuwar dalma. Da hannu na goge su, sannan na nutsa kowanne a ruwan zafi: in akwai huda, iskar ciki za ta kumbura ta fito da kumfa. Jet-jet, allurar fulot da mazauninta, sukurun iska da ɗan sifirin ɗinsa, duk na fitar, na hagu a gwangwani ɗaya, na dama a wani. Faifan totur kaɗai na bari a wurinsa, saboda an daddale bakin sukurorinsa tun a masana'anta don kada su kwance su faɗa cikin injin babur. A sandarsa akwai ɗan ƙyallen da ke hana iska shiga, wanda wanka yake busarwa, don haka bayan an gama sai a ɗiga masa ɗigon mai.

Sai kuma wankin farko da hannu. Giris da laka na waje na cire su da kananzir da tsohon burushin haƙori. Wanda ya jefa kafireto da giris ɗinsa cikin injin, ruwan zai yi baƙi cikin minti biyu, man ya yi yawo a sama, ya sake manne wa kayan lokacin da ake ɗaga kwando.

Batun abin da ake zubawa a kwanon yana da muhimmanci fiye da irin injin da aka saya. Ba a zuba fetur ko tina. Injin yana ɗumama ruwa, yana tayar da tururi, ga wutar lantarki a ƙarƙashinsa, gobara ce kawai ake gayyata. Ba a kuma zuba soda mai ƙarfi ko maganin cire maiƙo mai kaifi, domin jikin kafireto gaurayen ƙarfe ne mai laushi, irin su alminiyom da zinki, kuma irin waɗannan magunguna suna mayar da shi baƙi-baƙi ya riƙa barin toka a hannu. Ni ruwa na yi amfani da shi da maganin wanki mai sauƙi wanda aka rubuta a jikinsa cewa ba ya cin alminiyom. Zafin da ya fi yi mini aiki tsakanin digiri 50 ne zuwa 60. Sabon ruwa kuma yana da iska narke a cikinsa wadda take rage ƙarfin kumfar, saboda haka a bar injin ya yi kamar minti goma yana aiki da ruwan kaɗai kafin a saka kaya. Za ka ji ƙarar ta canza, ta ƙara kaifi.

Abin da na gani da na saka kafireton hagu shi ne ya sa nake wannan rubutu. Ina danna maɓalli, kafin a ƙirga goma, wasu siraran zare ruwan ƙasa suka fara fitowa daga ƙananan ramukan da ke bakin faifan totur, suna murɗawa a cikin ruwan kamar hayaƙi. Waɗannan ramuka su ne na riga na fesa wa magani na ɗauka sun buɗe. Zaren ya yi ta fita, ya tsaya, sai wani ɗan gutsuren danƙo ya ɓalle ya biyo baya, zaren ya ci gaba. Bayan minti ashirin ruwan ya zama ba a ganin ƙasan kwando. Na juya kafireton ta ɗaya gefen na sake kunnawa. Da na zubar da ruwan, a ƙasan kwanon akwai wani laushin yashi baƙi da ja, wanda duk daga cikin hanyoyin man ya fito, tun da wajen na riga na wanke shi da hannu.

Jet ɗin kuwa dabam na yi musu. Na zuba su a ƙaramar kwalbar gilashi da ruwan magani, na tsayar da kwalbar a cikin kwando. Girgizar tana ratsa gilashi, kayan ba sa ɓacewa, kuma babban ruwan ba ya lalacewa. Koren nan ya fita, tagullar ta dawo da launinta, har ƙaramin tambarin K na Keihin da lambar kowane jet suka fito sarai. Na ɗaga jet ɗin silo a gaban fitila, na ga haske zagayayye tsaf, da ƙananan ramukan gefensa duk a buɗe. A nan ne nake ganin injin ya biya kuɗinsa. Kunshin kayan gyaran kafireto da ake sayarwa yanzu yakan zo da sababbin jet da allura, amma ba kullum ma'auninsu yake daidai da na asali ba, ko da lambar da aka buga ɗaya ce. Masu wannan aiki da yawa robobi da gasket kawai suke ɗauka daga kunshin, su mayar da tagullar asali. Haka ni ma na yi, kuma ba zai yiwu ba sai tagullar asalin ta wanku.

Da kaya sun fito, a ɗauraye da ruwa mai tsabta, a busa iska ta kowace kafa nan take. Wannan mataki ba na zaɓi ba ne. Injin yana sassauta datti ne, ba duka yake fitarwa ba, kuma ruwan da ya kwana a cikin hanyar mai zai fara sabon farin gari. Wanda ba shi da kwamfireso ya tanadi iskar gwangwani. Bayan haka nakan gwada da maganin feshi: in fesa ta mazaunin jet ɗin silo, in toshe sauran kafofi da yatsa, in duba ko ya fito ta ƙananan ramukan bakin totur. Na yi wa na hagu, na yi wa na dama, na ga feshin ya fita iri ɗaya. A sa tabarau lokacin yin wannan, domin feshin yana iya dawowa ido.

Da na mayar da su, babur ɗin ya tashi, na sake cok bayan ya ɗumama, ya zauna a silo da silinda biyu, salansa biyun da zafi. Amma kada wani ya ɗauka wankin ne kaɗai ya kawo haka. Kafin nan na daidaita bawul, milimita 0.05 na shiga da 0.10 na fita, na gyara tazarar kwantak tsakanin 0.3 da 0.4, na saita tayimin, na sa sababbin filogi. Robobin da suka haɗa kafireto da kan injin babur sun tsattsage, su ma na canza. Da yawan abin da ake ɗora wa kafireto laifinsa, na wuta ne ko na iskar da ke satar shiga.

Akwai abubuwan da injin bai yi ba, kuma tallarsa ba ta faɗa. Ba ya sa ƙarfe ya yi ƙyalli. Kafireton ya fito da tsabta amma fari-fari, dusashe, kuma inda farin garin nan ya ci, ramukan suna nan, sai ma suka fi fitowa fili. Danƙon da ya yi kauri a ƙasan kofi sai da na jiƙa shi da maganin feshi na kankare da ɗan itace kafin injin ya ƙarasa. Allurar fulot da ta yi zobe a bakinta saboda tsufa, wanka ba zai hana ta yoyo ba. Tsatsar tanki kuma ba ruwansa da ita, alhali ita ce tushen jan yashin da na gani. Wanda ya wanke kafireto ya haɗa shi da tanki mai tsatsa, cikin mako ɗaya zai sake kwancewa. Tankin sai an yi masa nasa aikin dabam, an wanke makunnin mai da rariyarsa, an sa sabon tiyo da ƙaramar matatar mai a tsakani.

Shi kansa injin yana da nasa aibin, kuma tun da kuɗi za a fitar, gara a sani. Abin ɗumama ruwansa yana da nawa ƙwarai. In ka zuba ruwan sanyi, za ka jira kusan sa'a kafin ya kai digiri 50, don haka da ruwan ɗumi nake farawa. Ma'aunin zafin kuma ba abin dogaro ba ne sosai: girgizar kanta tana ƙara wa ruwa zafi, sai ka saita 55 ka dawo ka tarar ya haura 60. Yanzu ina kashe ɗumamar da zarar ya kai, in bar girgizar ta riƙe zafin. Famfon gefe ya zo yana ɗiga, sai da na kwance na naɗa masa farin tef na masu aikin famfo. Hannuwan kwandon gajeru ne, suna nutsewa a ruwan zafi, dole sai da safar hannu ko ƙugiya. Takardar bayanin da ta zo da shi shafi kaɗan ce, ba ta ce komai a kan irin maganin da ya dace da wane ƙarfe ba, wanda shi ne abin da sabon mai saye ya fi bukata. Ga ƙara. Ba ta da ƙarfi sosai amma tana da tsini, tana shiga haƙori, kuma murfi yana rage ta ne kaɗan. Ba injin da za a kunna a ɗakin da mutane ke zaune ba ne.

Na yi masa gwajin da ake yi wa irinsu: ka rataya siririyar takardar alminiyom a cikin ruwan na minti ɗaya, ka ɗaga ka duba. Inda girgiza ke da ƙarfi takardar takan huhhuje. Tawa ta huje sosai a tsakiya, saitin na'urorin uku, amma kusurwoyi kusan lafiya lau suka fito. Wannan ne dalilin juya kaya a tsakiyar wanki, kuma dalilin da ya sa ba na cusa kafireto biyu a lokaci ɗaya ko da za su shiga. Duk wanda ya saya ya yi wannan gwaji ranar farko, domin in ɗaya daga cikin na'urorin ba ta aiki, nan take takardar za ta nuna, tun ana iya mayarwa. Ya kuma tabbatar filogin wutarsa mai ƙafa uku ne kuma soket ɗin yana da wayar ƙasa, tun da kwanon ƙarfe ne cike da ruwa. Abu biyu ne suke saurin kashe shi: kunna shi babu ruwa, da ajiye kaya kai tsaye a ƙasan kwanon ba tare da kwando ba. Agogonsa minti 30 ne iyaka, ni kuma nakan bar shi ya huta tsakanin wanki da wanki.

Bayan kafireto, ya yi mini amfani a wurare da ban yi tsammani ba. CB350 ba ta da matatar baƙin mai ta takarda, wani ɗan kofi ne da ke juyawa yana tara dauɗa a bangonsa, kuma bayan na kwashe dauɗar da ta daskare a ciki, injin ya ƙarasa shi tas. Makunnin mai, notina da sukurori, sifirin, ƙananan ƙarafan kulochi, duk sun shiga. Tarin notinan da za su ci maka yini da burushi, minti ashirin ya ishe su, sai dai a shafa musu mai da zarar sun bushe, don baƙin ƙarfen da aka wanke tas yana fara tsatsa cikin sa'o'i. Abin da ba na sakawa: agogon gudu, kwayil da sauran kayan wuta, boris ɗin da aka rufe da giris a ciki, da duk abin da fentinsa ko kuromensa ya fara ɗagawa, don girgizar za ta shiga ƙarƙashi ta ƙarasa ɓare shi.

Game da girma, a auna kafireto kafin a saya, ba a duba lita kawai ba. Mai Super Cub ko CG125, kafireto ɗaya ƙarami, na lita 3 zai ishe shi. Gaskiya ma in babur ɗin ɗaya ne kuma ba ya da niyyar sake taɓa wani, zai iya kai kafireton a kwance wurin mai irin wannan injin a wanke masa sau ɗaya, ya huta da ajiya. Mai silinda biyu irin tawa, lita 6 daidai ne, kafireto ɗaya bayan ɗaya. Mai silinda huɗu kamar CB750, jerin kafireton ba zai shiga wannan kwano a haɗe ba, ko dai ya rarraba su, ko ya nemi babba. Ko wane girma aka zaɓa, a ɗauki mai abin ɗumama ruwa da famfon zubarwa, ko da famfon zai bukaci tef, domin ɗaga kwano mai lita 5 na ruwan zafi mai datti, da wayar wuta tana reto a bayansa, ba abu ne da za a so a yi ba. Ruwan da aka zubar kuma yana ɗauke da ragowar fetur da mai, a tara shi a jarka a kai inda ake karɓar tsohon baƙin mai, kada a tuttule shi a magudana.